Gurgurun shinkafa da nakiya: abin taɓawar yaranmu yana cikin buhunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan shinkafa. Na san za ka ce ai maganar shinkafa ba ta taɓa barin jaridar nan ba, kuma da gaskiyarka. Sai dai kullum abin da muke karantawa shi ne buhu ya tashi, buhu ya sauko, an kama ta fasa-ƙwauri a bakin iyaka, an buɗe sabon kamfanin casa. Da zarar shinkafar ta ƙetare zaure ta shiga cikin gida, shi ke nan labari ya ƙare. To ni daga nan nawa labarin yake farawa, domin shekarun aikina a aji na ƙarar da su, ina koya wa 'yan mata girki da kula da gida, kafin in yi ritaya.

A Kura nake zaune, kuma duk wanda ya san garin nan ya san da shinkafa muke kwana, da ita muke tashi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta Kadawa, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suka samu noman rani, ba su sake zama ba. Ka zagaya unguwanni da hantsi, za ka tarar da mata masu gumi sun ɗora rabin duro a kan murhu suna turara shanshera, wasu sun baza tasu a kan tamfol suna juyawa, injinan casa kuma ba sa hutawa sai in wuta ta ɗauke ko mai ya ƙare. Bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi cikin Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kamfanonin casa suka ƙaru a Kano da Jigawa da Kebbi, har aka jera dalar buhuna a Abuja a Janairun 2022. Kowa da abin da yake faɗa a kan waɗannan, ni ba siyasa ta kawo ni ba. Abin da na sani shi ne, duk injin da ya cashe shinkafa sai ya fitar da karyayya, kuma tana da yawa. Wata a yi tuwo da ita, da dama kuma ta tafi abincin kaji da kifi.

Yanzu ka bar Kura ka shiga ɗaya daga cikin manyan kantunan nan na Kano. Akwai layi guda na kwalaye masu launi, na abin karin kumallon yara da ake zuba wa madara. Cikinsu akwai na kumburarriyar shinkafa. Jikokina da ke Abuja in sun zo hutu uwarsu takan riƙo musu kwali, wai don kada su ƙi cin abincinmu da safe. Na sa tabarau na karanta abin da aka rubuta a gefensa: shinkafa, sukari, gishiri, ɗan tsiron sha'ir don ɗanɗano, sai sinadarin ƙarfe da bitamin da aka ƙara. Iyakarsa ke nan. Kwalin bai wuce rabin kilo ba, rabin cikinsa iska ce, amma kuɗinsa ya ɗara na kwanon shinkafa a kasuwarmu. An ɗauko shi daga wata uwa duniya an kawo shi garin da shinkafa ke zube a bakin titi.

Ba ina zagin kwalin ba ne. Waɗanda suka ƙirƙiro shi sun yi tunani, kuma tarihinsa ma abin sha'awa ne. Wanda ya fara kumbura shinkafa da inji wani masanin tsirrai ne Ba'amurke mai suna Alexander Anderson. A 1901, yana gwaje-gwaje a lambun binciken tsirrai na birnin New York, ya zuba sitaci a 'yan kwalaben gilashi, ya toshe bakinsu, ya gasa su, sannan ya fasa. Ɗan ruwan da ke maƙale cikin sitacin ya zama tururi a lokaci guda, abin ya kumbura ya ninninka girmansa. Daga nan ya ƙera tukwanen ƙarfe masu siffar igwa, a 1904 ya kai su babban baje-kolin duniya da aka yi a St. Louis, yana harbo shinkafa mutane na kallo suna saye. Kamfanin Quaker Oats ya karɓi sana'ar, ya riƙa tallar abin a matsayin abincin da aka harbo daga bindiga. Shi kuwa kamfanin Kellogg a 1928 ya fito da nasa, Rice Krispies, ta wata hanyar daban: a dafa shinkafar, a busar, a ɗan latse ta, a gasa a tanderu mai tsananin zafi ta tashi. A 1939 wasu mata biyu ma'aikatan kamfanin, Mildred Day da Malitta Jensen, suka narka man shanu da alewar mashmalo, suka juye shinkafar a ciki, suka danne a faranti, suka yayyanka. Har yau yaran Amurka suna cin wannan abin. Wato dai kantu suka yi, Malam Edita, irin wanda iyayenmu ke yi da riɗi tun kafin a haifi kakanninsu. (Ga matan da ke kwaikwayon wannan girki daga waya: mashmalo da jelatin ake yin sa, kuma jelatin ɗin ƙasashen Turai da Amurka galibi daga fatar alade ake samo shi. A duba tambarin halal kafin a saya.)

Amma tun kafin a haifi Anderson, matan ƙauyukan Indiya da Bangaladesh suna kumbura shinkafa ba igwa ba tanderu. Da yashi suke yi. Ni a hannun wata malama 'yar Indiya na fara gani, cikin malaman nan da suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980. Ita ce ta koyar da mu a kwalejin horon malamai mata, kuma wata Asabar ta kira mu bayan gidanta mu ga yadda ake yin abin da suke kira muri. Ta ɗebo turarriyar shinkafa, irin ta gumi, ta yayyafa mata ruwan gishiri kaɗan ta cakuɗa, ta zuba a busasshen kasko a kan wuta marar ƙarfi tana juyawa har damshin ya ja ciki, ƙwayar ta yi zafi. A murhu na biyu kuma ta ɗora tukunyar ƙarfe da yashin rafi wanda ta wanke ta tankaɗe, ta bar shi ya yi zafin da ba ka iya miƙa hannu a samansa. Sai ta ɗebi shinkafar cikin tafin hannu ɗaya ta watsa, ta kama juyawa da 'yan tsinkayen tsintsiya da ta ɗaure. Ba mu gama gyara tsayuwa ba muka ji ƙaf-ƙaf-ƙaf, tukunyar ta cika da fararen ƙwayoyi suna tsalle a kan baƙin yashi. Ta juye a rariyar ƙarfe, yashin ya koma tukunya, gurgurun ya tsaya a sama. Wata ƙawata daga Gumel ta ce, "Malama, ai haka innata ke suyar gyaɗa." Haka ne kuwa. Duk macen da ta taɓa soya gyaɗa ko aya da yashi ta riga ta iya rabin aikin, saura kawai ta san wace shinkafa za ta zuba da kuma irin zafin da ake nema.

A can, wannan abin ba na masu kuɗi ba ne. A titunan Kalkata da Dhaka ana haɗa shi da albasa da barkono da gyaɗa da man mastad, a ƙunsa a takarda, a sayar wa ɗan makaranta da lebura. A Bangaladesh da wuya ka ga tabarmar buɗa-baki a watan azumi babu shi. Mutane ne masu cin shinkafa dare da rana irinmu, masu fama da tsadar rayuwa irinmu, amma ba su tsaya a dafawa kaɗai ba.

Dalilin da ya sa sai ta gumi, ga shi. Masarar gurguru tana da ɓawo mai tauri da ke riƙe tururi har sai ya fasa ta. Shinkafar da aka cashe ba ta da wannan ɓawon, don haka in ka jefa ɗanyar shinkafar tuwo a yashi ƙonewa kawai za ta yi. Amma wadda aka turara, sitacin cikinta ya riga ya nuna ya haɗe, da ya bushe kuma ya yi tauri ya rufe kansa. In zafi ya buge ta farat ɗaya, ɗan damshin da ya rage a ciki ba shi da hanyar fita sai ya hura ƙwayar. Shi ya sa wadda ta sha gumi sosai ta fi tashi, wadda aka yi wa gumin shan-ruwan-tsuntsaye kuma ta ba ka rabi fari rabi tsakuwa. Wadda ba ta yarda da tsabtar yashi ba, ta yi da gishiri, aikinsu ɗaya, kuma gishirin ana ajiye shi a sake amfani da shi.

Gumin nan da muke rainawa ma yana da wani amfanin. Lokacin da ake turara shanshera da ɓawonta, wani kaso na bitamin B da ke jikin dusa yana ratsawa cikin ƙwayar, ya zauna ko bayan an cashe. A ƙasar Malaya (ɓangaren Malesiya ta yau), farkon ƙarni na 20, likitoci sun lura cewa leburori 'yan Indiya masu cin turarriyar shinkafa ba sa kamuwa da beriberi, ciwon da rashin wannan bitamin ke kawowa, yadda Sinawa masu cin fara tas ke kamuwa. Matan Kura ba su karanta wannan a littafi ba, amma aikin da suke yi ke nan.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi sauƙi ga uwargida, ita nake yi a gidana, kuma da ita na fi so masu karatu su fara. Ki dafa shinkafa fara, ba mai ba miya, ta nuna amma kada ta caɓe. Karyayya ma ta yi. Ko kuma in kin dafa ta rana ta ragu a tukunya, ki ɗebi ragowar nan take. Ki baza ta a faifai ko tire, shimfiɗa ɗaya siririya, ki wawware ƙwayoyin da yatsa, ki rufe da yadin lace ko tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙuda da ƙura da kaji, ki kai rana. Da hunturu ko bazara kwana biyu zuwa uku sun isa. Alamar ta yi ita ce ki ga ƙwayar ta tsuke ta yi ƙyalli, in kin ciza ta ƙi. Daga nan za ki iya zuba ta a gwangwani ki rufe, ta yi watanni ba abin da ya same ta. Ranar da kike so, ki ɗora mai ya yi zafi sosai, ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani. In ta nutse ta zauna, man bai yi ba, ki jira. In ta taso nan take ta buɗe, to ki zuba cikin cokali biyu a matsamin ƙarfe, ki tsoma shi cikin man, ki ƙirga zuwa biyar, ki ɗaga. Za ki ga abin da kika zuba ya cika matsamin. Kada ki yi haɗama ki zuba da yawa, man zai huce ta sha mai ta yi tauri. Kada kuma ki bar ta ta yi ja, ɗaci take yi. Yara su tsaya nesa, kuma ƙwayar da ba ta gama bushewa ba tana sa mai ya yi tsalle.

A nan dole in ja kunne, don na san halinmu da cewa abinci ba ya ɓaci sai ya yi wari. Shinkafar da ta kwana a kula da ɗuminta ba ta shiga wannan aiki. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da shinkafa tun daga gona, dahuwa ba ta kashe ta, in kuma dafaffiyar ta daɗe a rufe da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki dafi. Wannan dafin ko an sake ɗumamawa, ko an soya, yana nan, shi ne ke sa amai da gudawa bayan an ci ɗumamen shinkafa a ce wai sanyi ne ko shawara. Don haka a baza ta da wuri ta huce ta sha iska. Da damina kuwa, in rana ba ta fito ba, a haƙura, fumfuna za ta yi. Dabarar busar da ragowar abinci dai ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu ba su taɓa zubar da ƙanzo ba, shanya shi suke yi su ajiye, ranar da gida ya yi shiru a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli.

In gurgurun ya samu, abin da za a yi da shi ba ya ƙarewa. A zuba wa yaro a kofi da madara ko nono, ya ji irin ƙarar da yake ji a na kwali. A watsa a kan kunun gyaɗa maimakon ƙosai in wake ya yi tsada. Na manya kuwa, a yanka albasa da tumatir ƙanana, a barbaɗa yajin ƙuli, a zuba soyayyiyar gyaɗa, a matse lemon tsami, a ci a take, don in ya jira minti goma ya yi laushi. Amma wanda ya fi karɓuwa a wajen yara, wanda kuma nake ganin akwai sana'a a cikinsa, shi ne kantu. Ki samu mazarƙwaila, irin wadda ake kawowa daga wajen Maƙarfi, ki farfasa, ki zuba ruwa kaɗan da ɗigon lemon tsami ko ruwan tsamiya, ki dafa har ta yi danƙo. Ki ɗiga kaɗan a kofin ruwan sanyi, in ya dunƙule ya yi tauri ta yi. Ki sauke, ki juye gurgurun da gyaɗa da soyayyen riɗi, ki juya da hanzari, ki zuba a tiren da kika shafa wa mai, ki danne da kwalba, ki yanka tun da sauran ɗumi. In ya huce wuƙa ba ta shiga, sai dai ki karya. Mai tallar da ke zama a ƙofar makaranta da kantun gana da iloka da tuwon madara da gullisuwa, me zai hana ta ƙara wannan a farantinta? Kwano ɗaya na karyayyar shinkafa in ya kumbura sai ya cika baho. Abin kula ɗaya ne, iska abokiyar gabarsa ce, sai a ƙulle a leda ko roba mai murfi. In ya yi sanyi a ɗan juya shi a busasshen kasko ya dawo.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato nakiya. Mu da muke neman koyon abin taɓawa na shinkafa daga Indiya da Amurka, muna da namu tun fil azal, kuma muna kallo yana ɓacewa. Da, babu garar da za a kai gidan amarya babu nakiya kusa da alkaki da dubulan, haka in an yi haihuwa za a yi suna. Aiki ne na kwana da kwanaki, na mata da yawa. A wanke shinkafar tuwo a tsane ta, a soya ta sama-sama har ta fara ƙamshi, a haɗa da citta da kanumfari da masoro a daka ko a kai niƙa, a tankaɗe. A dafa zuma ko sukari ya yi danƙo, a juye garin a tuƙa, a sa man shanu, sannan a mayar turmi a yi ta kirɓa. Kirɓin nan shi ne nakiya. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya, ana lugude ana waƙa, har sai ta haɗe ta yi sulɓi tana sheƙi, a mulmula a jera a ƙwarya ko fanteka. Nakiyar da ta kirɓu tana wata da watanni ba firji, kullum ƙamshinta ƙaruwa yake yi. Amarya ta ajiye a ɗaki, baƙo ya zo ta gutsuro masa, ƙannen miji su riƙa zarya.

Yau ka je kai gara ka ƙirga. Cincin bokiti-bokiti, kek, donot, katan-katan na taliya da biskit. Nakiya in an samu, 'yar kaɗan ce a roba don kada tsofaffi su yi magana, ita ma saye aka yi, kuma sau da yawa gari ne da sukari aka cuɗa ba kirɓi, ka ci ta maƙale maka a dasashi. Cikin 'yan matan da na koyar a shekarun ƙarshe na aikina, waɗanda suka taɓa ganin ana yin ta ba su da yawa, amma kusan kowacce ta iya kek. Ga shi duk waɗannan na fulawa ne, alhali mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Mun ga yadda ta kaya da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, da kuma bayan an saki Naira a 2023: buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabi, masu cincin da burodi suka rasa inda za su sa kansu. Ita kuwa nakiya, daga shinkafar har zumar har man shanun babu wanda ya hau jirgin ruwa.

Masa da sinasir ban damu da su ba, suna da masu tsaya musu, Bauchi da Barno ba za su bari su mutu ba. Dambun shinkafa da zogale ma ya dawo, har a wajen biki ana raba shi. Abin lura kawai shi ne dukkansu ba sa buƙatar doguwar ƙwaya, tunda niƙawa ko ɓarzawa za a yi. Matar da ke sayen tsala-tsalar shinkafa mai tsada don ta kai inji a markaɗa mata ƙullun masa, kuɗinta kawai take ƙonawa.

Sai dai a rarrabe. A farkon 2024 kafafen labarai sun yi ta kawo rahoton afafata, wadda tsananin tsada ya sa talakawa suka koma ci. Ba ita nake nufi ba. Waccan tarkacen inji ce, da baƙaƙen ƙwayoyi da tsakuwa da dusa, wani lokaci har da wadda ta yi fumfuna, kuma ba abin da za a ba yaro ba ne. Karyayya mai kyau shinkafa ce lafiyayya da ta karye wajen casa, ba ta da wani aibu sai gajarta. Matsalar ita ce a kasuwa sau da yawa ana cakuɗa su, mai saye ba ya iya bambancewa sai ya je gida ya zuba a ruwa.

Na san abin da wasu za su ce: ana fama da abin da za a dafa, wannan tsohuwa tana maganar abin taɓawa. To ai yaran ba su fasa taɓawa ba. Kullum da safe sai an ba su na kashewa, su saya biskit da alewa da ɗan lemon leda, kuɗin kuma ba ya dawowa unguwa. Ni cewa na yi a juya akalar wannan kuɗin. Wasu kuma za su ce na kwali an ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin, na gida babu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Shi ya sa na ce a haɗa da gyaɗa da riɗi da madara. Gurgurun shinkafa shi kaɗai sitaci ne da iska, ba ya riƙe ciki, bai kuma isa ya zama karin kumallon ɗan makaranta ba, na kwali ne ko na kasko. Masu ciwon sukari su yi hattara da shi, domin yana narkewa da sauri ya ɗaga sukarin jini fiye da dafaffiyar shinkafar gumi. Ƙananan yara da ba su iya tauna ba kada a ba su mai gyaɗa saboda shaƙewa, jaririn da bai shekara ba kuma ba a ba shi zuma, ko a nakiya ko a wani abu.

Roƙona na farko ga masu shirya wa mata koyon sana'a, na gwamnati da na ƙungiyoyi. Na halarci irin waɗannan tarurruka har na gaji: sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, kek. A unguwa ɗaya sai ka samu mata ashirin da sabulun ruwa, kowacce tana jiran 'yar'uwarta ta saya. A garin da ake noman shinkafa, a koya wa mata abin da za su yi da shinkafa. Kayan aikin tukunyar ƙarfe ce da rariya da yashi, ba sai an raba wa kowa injin da zai lalace a wata uku ba. Masu kamfanonin casa kuma su tace karyayya mai kyau, su ƙulla ta a ƙananan buhuna da sunanta, su daina barin ta tana bin ta bayan fage tana haɗuwa da shara. Maƙeranmu da masu walda da suka iya ƙera injin gurgurun masara da injin markaɗe, su duba yadda za a yi gangar suya mai juyawa da yashi a ciki, irin wadda ƙananan masana'antun Indiya ke aiki da ita. Amma ban ba da shawarar kowa ya ƙera irin igwar Anderson a bakin titi ba. Ana amfani da ƙananan irinta a titunan Sin da Koriya, sai dai tukunya ce mai matsanancin matsin tururi, in walda ta saki za ta iya kashe mutum.

Kai kuma, Malam Edita, ga naka. Har yanzu akwai tsofaffin mata a cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da suka iya nakiya ta gaske, kowane gida da irin hannunsa, wasu da zuma, wasu da mazarƙwaila, wasu har da kimba. Ba su rubuta komai ba, da ido suke awo. Ka tura ɗaya daga cikin ma'aikatanka mata ta zauna da su ranar da suke aiki, ta tafi da kofin awo da sikeli da agogo, ta rubuta kwano nawa na shinkafa, zuma nawa, kirɓin minti nawa, ku buga a shafin mata da hotuna. In ta biyo ta Kura da hunturu ta tsaya, zan kai ta wajen masu gumi ta ga irin shinkafar da ke tashi a yashi da wadda ba ta tashi.

Na gode. Wassalam.

Daga wata malamar makaranta mai ritaya,
Kura, Jihar Kano.